Wutar Daji, Dashen Itace da Rafukan Gwarzo da Kabo: Wa Zai Biya Kuɗin Awo?



Da shugabannin ƙungiya suka aiko mini da takardar gayyata, sun nemi in yi magana a kan kuɗin bincike. Na san abin da yawancinku kuke jira ku ji, watau inda ake samun kuɗin da yadda ake cika takardar nema. Zan zo kan wannan, amma sai can gaba. Ina so mu fara daga gida, domin wanda bai san abin da zai auna ba, ko an ba shi kuɗin ma asararsu zai yi.

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Gwarzo da sanyin hunturu ya san hayaƙin nan da yakan turnuƙe gefen hanya da yamma. Wani lokaci samari ne 'yan farauta suka cinna wa ciyawa wuta don su koro gafiya ko zomo. Wani lokaci guntun taba ne, ko mai cin zuma da ya bar bakin wuta a kogon itace. Idan bazara ta kawo jiki kuma, sai manomi ya yi sharar gona, ya tara gyauron kara da ƙaya ya yi toyi, iska ta kwashi wutar ta tsallaka iyaka. Bayan 'yan watanni ruwan farko ya sauka, sai ka ga rafi ya taso jawur kamar kunun kanwa. Mu duka mun ga hayaƙin, mun kuma ga jan ruwan. Abin da nake so mu tambayi kanmu shi ne, mene ne tsakanin su biyun, kuma nawa ne?

Kafin in ci gaba, bari in bayyana wata kalma da zan riƙa maimaitawa, watau magangara. Abin da nake nufi da ita shi ne dukan faɗin ƙasar da ruwan saman da ya zuba a kanta yake gangarawa zuwa rafi ɗaya. Gona da makiyaya da burtali da gandun daji da lungun gari duk suna cikinta. Ƙasar Gwarzo da Kabo tana kan tudun yammacin Jihar Kano, kuma mafi yawan ruwanta kogin Challawa yake nufa. Challawa ya haɗu da kogin Kano a kusa da Tamburawa, su zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe zuwa tafkin Chadi. Saboda haka wanda ya cinna wuta a bayan garin Getso ko Garo, ko ya sani ko bai sani ba, yana da hannu a cikin ruwan da ake tacewa a Challawa da Tamburawa domin mutanen birni.

Akwai kuma wani abu game da ƙasarmu da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. A ƙarƙashinmu tsohon dutse ne, ba irin rairayin nan mai zurfi na gabashin Jigawa da Barno ba, wanda yake adana ruwa da yawa. Ruwan rijiyoyinmu yana zaune ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikinsa. Ma'ajin ƙarami ne. Damina kuwa wata huɗu ce zuwa biyar. Abin da ƙasa ta sha a cikin waɗannan watanni shi za a yi ta ja da guga har wata damina. Abin da ya gudu a sama kuwa ya tafi ke nan, sai dai in madatsa ta tare shi.

Madatsun kuwa muna da su. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin tare ruwa gadan-gadan, fari na 1972 da 1973 ya ƙara masa ƙaimi. An gama Tiga a 1974. Daga baya aka zo kan ƙananan rafukanmu, aka gina Guzu-Guzu da Magaga da Pada da Marashi, ga Watari a Bagwai, sa'an nan babbar madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye da aka kammala a 1992. Kowace daga cikinsu tana da ranar cika da laka, kamar yadda kowace randa take tara gurɓi a gindinta. Saurin zuwan wannan rana ya danganta ga abin da ake yi wa magangarar da ke bayanta.

To, me wuta take yi wa ƙasa? A taƙaice, tana tuɓe ta. Busasshiyar ciyawa da ganyen da ya kaɗe su ne rigar da take tare ƙarfin ɗigon ruwa. Su ne kuma abincin gara, wadda ramukanta suke zama ƙofofin da ruwa yake bi ya shiga ƙasa. Idan wuta ta cinye su, ruwan farko, wanda galibi da hadari da iska yake zuwa, sai ya daki ƙasa tsirara, ya toshe ƙofofinta, fuskarta ta yi ɓawo. Daga nan ruwa ya fara gudu, ya kwashi toka da taki da lallausar ƙasa, ya bar wa manomi tsakuwa. Inda ya sami hanyar shanu ko gefen titi sai ya fara ƙwaƙule ta, a kwana a tashi ta zama kwazazzabo. Wannan duk an san shi. Amma ba kowace wuta ce take yin ɓarna iri ɗaya ba, kuma a ƙasar nan aka tabbatar da haka tun da daɗewa. A 1929 ma'aikatan daji suka keɓe filaye uku a gandun dajin Olokemeji, yamma da Ibadan. Ɗaya aka hana masa wuta sam, ɗaya ana ƙona shi da wuri tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, ɗaya kuma sai rani ya yi nisa. Bayan shekaru masu yawa, wanda aka tsare ya koma kurmi, mai wutar wuri ya riƙe itatuwa da dama, mai wutar ƙarshen rani kuwa itatuwansa suka yi ta mutuwa, sai 'yan kaɗan masu taurin ɓawo. Ku lura da abin da aka kashe a wannan gwaji: fili, da ashana, da mutumin da zai riƙa zuwa yana ƙidaya. Abin da ya fi tsada a cikinsa shi ne haƙuri.

Yanzu in zo kan wurin da na san wasunku za su yi mini gardama. An koya mana tun muna firamare cewa itace yana kawo ruwa, kuma kowace shekara manya sukan fito ranar dashen itace su maimaita. Ni ma ina son itace, kada a fita daga nan a ce na hana dashe. Amma itace shi ma mai shan ruwa ne, kuma ba ƙaramin sha yake yi ba. Saiwarsa takan zuƙo ruwa daga ƙasa, ganyensa ya sake shi sama. A 1982 wasu masana biyu, Bosch da Hewlett, suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 94 da aka yi a magangaru daban-daban na duniya. Abin da suka gani shi ne, kusan ko'ina, idan aka sare daji jimillar ruwan rafi takan ƙaru, idan aka dasa takan ragu. A Afirka ta Kudu an fara irin wannan awo tun 1935 a Jonkershoek, saboda manoma sun yi kuka cewa gandayen da ake dasawa suna ƙafar musu da rafuka. Awo ya gaskata manoman, har dokar ruwa ta ƙasar ta 1998 ta sa mai dasa gandun itace na kasuwa a cikin masu amfani da ruwa, sai ya nemi izni ya kuma biya.

Ga wani abin mamaki daga maƙwabtanmu. A kudu maso yammacin Nijar, wajen Yamai, an tarar ruwan rijiyoyi ya hau sama da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali kuwa a cikin waɗannan shekaru aka yi manyan fari. Dalili shi ne, da aka share daji aka mai da shi gona, ruwa ya riƙa gudu yana taruwa a tafkuna, daga nan yake tsiyaya ƙasa. Rijiya ta ƙaru, amma gona ta zaizaye. A Burkina Faso kuma, a yankin Saponé, binciken da aka buga a 2016 ya nuna cewa ƙasa ta fi adana ruwa a inda itatuwa, galibi kaɗanya, suke a warwatse tsaka-tsaki. Inda babu itace ruwa gudu yake yi, inda suka yi cunkoso kuma su suke shanye shi.

Wannan na ƙarshe ya kamata ya sa mu ɗaga kai mu dubi gonakinmu. Dajin Gwarzo da Kabo, in za a faɗi gaskiya, ba kurmi ba ne kamar Falgore. Yawancinsa a cikin gona yake: ɗorawa da tsamiya da kuka da kanya da kaɗanya da gawo, kowace da mai ita. Masana na Jami'ar Bayero, ciki har da marigayi Michael Mortimore, sun nuna a littafinsu na 1990 a kan itacen girki a Kano cewa manoman kewayen birni ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba kamar yadda ake zato, tattalinsu suke yi. A ƙasar Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sassabe shi, har aka ƙiyasta abin ya game kadada miliyan 5. To, idan za a farfaɗo da magangarar Magaga, wanne ya fi? A dasa turare layi-layi a bakin rafi, ko a taimaki manomi ya rena gawo da marke a gonarsa, ko a killace gangaren a hana masa wuta da kiwo na 'yan shekaru? Mai lambu zai rantse maka turare ya ƙafar masa da fadama. Malamin daji zai rantse maka shi ya tsayar da kwazazzabo. Mai yiwuwa ne dukansu biyu gaskiya suke faɗa, kowa a inda yake tsaye. Rantsuwa ba za ta raba wannan gardama ba, sai ma'auni.

Yadda ake awon kuwa ba asiri ba ne, kuma ya haura shekara ɗari. An fara shi a 1910 a Wagon Wheel Gap, cikin jihar Kolorado ta Amurka. Akan sami magangaru biyu maƙwabtan juna, masu kama da juna a girma da ƙasa da gangare. A auna ruwan sama da ruwan rafi da lakar da yake ɗauke da ita a dukansu biyu, shekaru da dama, ba a taɓa kome ba, har a san halin kowace. Sa'an nan a sāke wa ɗaya hali, a yi mata dashe ko a hana mata wuta, a bar ɗayar ta zama shaida. Bambancin da ya fito daga baya shi ne amsar. Gwajin Kolorado ya ɗauki shekara goma sha shida. Me ya sa ba za a yi a shekara biyu ba? Domin damina ba ta maimaita kanta. Wanda ya yi awo a 1983 da 1984 zai ce rafukanmu sun mutu. Wanda ya yi a 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, zai ce ruwa ya yi mana yawa. Itace kuma ba ya girma a zangon karatu ɗaya. A Ostareliya, bayan babbar gobarar 1939 a dazuzzukan da birnin Melbon yake shan ruwansu, ruwan rafuka ya yi ta raguwa ne shekaru da yawa bayan wutar, sa'ad da sabon toho ya tashi da ƙishirwarsa. Mai bincike na shekara uku da ya tattara takardunsa ya tafi tun kafin labarin ya fara.

A nan ne, jama'a, matsalar kuɗi take. Ba rashinsu ba ne kawai, sifarsu ce ba ta dace da aikin ba. Kuɗin bincike a jami'o'inmu, ko na Asusun TETFund ne ko na ƙungiyoyin waje, yakan zo ne dunƙule, na shekara biyu ko uku, a sayi kayan aiki, a yi taro, a rubuta rahoto, a rufe littafi. Kuɗin manyan ayyuka kuma na gini da dashe ne. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kafinsa an yi shirin dashen itatuwa na ƙarshen shekarun 1980, an kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa a 2015, ga kuma Asusun Kula da Muhalli da ya wanzu tun 1981. Irin waɗannan shirye-shirye abin da aka saba ƙidayawa a cikinsu shi ne dashe nawa aka raba, kadada nawa aka rufe. Abin da rafi ya yi bayan shekara goma sha biyar ba ya shiga rahoto, domin kafin lokacin an rufe ofishin shirin, motocinsa ma sun tsufa.

Aikin awo kuwa abincinsa kaɗan ne, amma kullum yake ci. Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Ina sabon ma'aikaci aka tura ni wani ofis, ba zan faɗi sunansa ba, in karɓo littafin ruwan sama na wata tasha. Na tarar da littafin tsaf, kowace rana da adadinta, rubutu mai kyau. Da na nemi a nuna mini ma'aunin, sai aka yi ta 'yan kame-kame. Ashe yara sun daɗe da cire mazurarin, mai karatun kuma an yi wata da watanni ba a biya shi ɗan alawus ɗinsa ba. Bawan Allah sai ya riƙa duban sama daga ƙofar gidansa yana cika littafi da ƙiyasi. Ban ga laifinsa sosai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kuɗin da aka hana shi bai kai na man motar da ta kai ni ba, kuma shekarun nan da aka ɓata babu kuɗin da zai sake sayo su. Gini idan ya rushe a sāke shi. Daminar da ba a auna ba ta wuce har abada.

Ba a ce ba mu taɓa iyawa ba. A shekarun 1970 da 1980 hukumar WRECA ta Jihar Kano tana da masu karanta sandar awo a koguna, kuma a wannan zamani ne Farfesa Olofin na Jami'ar Bayero ya yi bincikensa a kan yadda madatsar Tiga ta sāke halin kogin Kano da zaizayar gaɓarsa. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tana nan tun 1976, hedkwatarta a Kano. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa tana nan a Jami'ar Bayero. Ga kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Dambatta, ga babbar makarantar fasaha ta tarayya a Kabo. Ma'aikata da masana ba su ne suka yi ƙaranci ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne wannan. Madatsunmu huɗu, Guzu-Guzu da Magaga da Pada da Marashi, tamkar mudu ne da aka riga aka kafa a bakin kowace magangara. Turawan Kolorado sai da suka gina wurin awo, mu kuwa an gina mana tun tuni. A kafa sandar awo a kowace, a riƙa karantawa safe da yamma. A sa ma'aunin ruwan sama a makarantun da ke bayansu, malami ɗaya ya ɗauki nauyi, a biya shi a kan kari. A zaɓi rijiyoyi a riƙa zura igiya kowane mako. Sau ɗaya a shekara, da rani, a shiga kwalekwale a auna zurfin laka. Inda wuta ta ci kuwa, hotunan tauraron ɗan'adam da ake samu kyauta suna nunawa, ɗalibi mai kwamfuta zai iya zana taswirarsa. Bayan an san halin kowace, sai a zauna da dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo da sarakunan farauta, a yi yarjejeniya a kan ƙananan rafuka biyu ko uku: nan a hana wutar ƙarshen rani, can a rena toho, can a yi dashe. In ba da yardarsu ba, gwajin ba zai kai bazara ɗaya ba, kuma wanda aka hana kiwo ko toyi dole a san abin da za a ba shi a madadi. Wannan ma kuɗi ne, a sa shi cikin lissafi tun farko.

Wa zai biya? Ra'ayina shi ne mai shan ruwan. Birnin Denba na Amurka ya koyi wannan da tsada. Bayan gobarar Buffalo Creek ta 1996 da ta Hayman ta 2002, ruwan sama ya kwaso toka da yashi ya jibge a madatsunsa, hukumar ruwan birnin ta kashe fiye da dala miliyan 27 wajen gyara da yashewa. A 2010 sai ta ƙulla yarjejeniya da hukumar gandun daji, tana ɗibar kuɗi daga abin da masu famfo suke biya tana kula da dajin da ke bayan madatsun. Ba na cewa aljihunmu ɗaya da nasu. Amma ina ganin ba zai gagara ba a ce kowane shirin dashe ko na gyaran madatsa a jihar nan ya ware kashi 1 cikin 100, a zuba a asusu na dabam wanda ba ya mutuwa ranar da shirin ya mutu, jami'a da hukumar ruwa da ƙananan hukumomin biyu su riƙe shi tare, a kuma wajabta buga adadin da aka samu kowace shekara domin kowa ya gani. Sharaɗin bugawar nan kada a yi wasa da shi. Adadin da aka kulle a durowar wani darakta, gara ce take cin moriyarsa.

Ku kuma da kuke zaune a nan, kuna da abin yi tun kafin a kafa wani asusu. Ku ɗalibai, kowace shekara ana rubuta kundin digiri a kan zaizayar ƙasa da gurɓatar ruwa, kowa ya zaɓi sabon wuri, ya yi wata uku ya tafi. Da sashe ɗaya zai tsai da rafi ɗaya, kowane aji ya karɓi awo daga hannun na gabansa, da cikin shekara goma an tara abin da babu kamarsa a yankin. Ku ma'aikata, nan da 'yan shekaru ku ne za ku riƙa tsara kasafin kuɗi a ma'aikatun ruwa da muhalli da sakatariyar ƙaramar hukuma. Idan aka ce a rage, layin da akan fara sokewa shi ne na alawus ɗin mai karanta sanda, domin ba shi da wanda zai yi magana dominsa a wurin taro, kuma ba a ƙaddamar da shi da kiɗa. Ranar da takardar ta zo teburinku, ku tuna da mutumin nan mai duban sama daga ƙofar gida, ku bar masa layinsa.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Akwai tsofaffin ma'aikatan daji biyu a cikinmu, kuma na lura ɗayansu bai ji daɗin abin da na faɗa game da turare ba, saboda haka zan so a fara ba shi dama.